Inna a Bayan Katangar Nadi

Maigidana ya yi aiki a kulob ɗin masu jiragen shaƙatawa da ke Abhur, a bakin wani mashigin teku arewa da Jidda, tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari. Mu nadi muke ce wa wurin, kamar yadda Larabawa ke faɗa. Na shiga cikinsa ba adadi, na ci abincinsa, na hau jiragensa, a can 'ya'yana suka koyi iyo. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba, alhali ta fi ni riƙe labarinsa.

Daga wani gari kusa da Gumel muka zo aikin Hajji, ni da ita da mahaifina, a ƙarshen shekarun saba'in, ina 'yar yarinya. Mahaifina ya kwanta ciwo bayan an sauko daga Arfa, ya rasu a Jidda muna jiran jirgin komawa. Inna ta ce a nan za ta yi takaba, kusa da kabarinsa. Kafin ta fita takaba jirage sun gama kwasar alhazai, wa'adin takardunmu ya wuce, muka shiga sahun masu zaman ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ta kama ɗaki a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, a ƙasan wani tsohon gida mai tagogin katako, ita da wasu mata biyu 'yan Nijar. Gyaɗa take soyawa ta ƙulla a leda, da safe kuma ta dama kunu ta sayar wa 'yan dakon kasuwa. Daga ɗakinmu zuwa bakin teku tafiyar ƙafa ce, amma ba ma zuwa. Wurin fili ne, askar, wato 'yan sanda, na yawan zagayawa, wanda ba shi da takarda kuwa lungu ne nasa.

A wurin kunun nan na haɗu da mijina. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Bur Sudan, kakanninsa sun yada zango a can ne a hanyarsu ta zuwa Makka, suka zama masunta. Yakan shigo Balad sayen igiya da fenti na jirage, sai ya tsaya ya sha kunu, ya zauna a kan benci yana ba Inna labarin wurin aikinsa da wata irin Hausa ta tsofaffi mai gauraye da Larabci. Ita ta fara son sa kafin ni.

A bakinsa muka ji yadda nadin ya faro. Ya ce ranar da aka ɗauke shi aiki, rumfa ce kawai ta katako da kwano, sai gada ɗaya ta itace da ta miƙa cikin ruwa, da ƙananan jirage masu ƙyalle, irin waɗanda iska ke turawa. Turawan da ke aiki a tashar jiragen ruwa da kamfanonin gini ne suka kafa shi, tare da wasu 'ya'yan attajiran Jidda da suka yi karatu a waje. Abhur a lokacin rairayi ne da bukkokin masunta, hanyar ko fitila babu. Aikinsa shi ne kankare ƙwanson da ke manne wa gindin jirage, da wanke ƙyallayen da ruwan daɗi don kada gishiri ya cinye su. Ranar Alhamis da yamma da Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake tsere. A jefa manyan balo-balo masu launi a tsakiyar ruwa, jirage su zagaya su, wanda ya riga dawowa a ba shi kofi. Daga baya arziki ya bunƙasa a garin, aka fara kawo manyan jirage masu inji, masu ɗakunan kwana da wurin girki a ciki. Aka zuba gadoji na kankare, aka gina gidan abinci da masallaci, aka ja doguwar katanga. Aka ƙara gasar kamun kifi, da koyar da yara tuƙi, da kai masu nutso wurin duwatsun murjani. Shi ma ya tashi daga mai wanki ya zama matuƙin babban jirgin wani ɗan kasuwa, wanda ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma.

Wannan kafilin ne ya tsaya mana bayan aurenmu, ya yi ta shige da fice har aka sa ni a iƙamar mijina. Mata da 'ya'ya kawai doka ta yarda a sa. Suruka ba ta ciki. Ranar da takardar ta fito na kai wa Inna ta gani. Ta goge hannunta da zane kafin ta karɓa, ta juya ta, ta daɗe tana kallon hotona.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Yanzu sai ki riƙa tafiya a tsakiyar titi."

Na yi dariya, amma tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Ni da ita a jirgi ɗaya muka zo, tabarma ɗaya muka kwana a kai shekara da shekaru, sai ga shi an ɗaga ni an bar ta.

Da yara suka zama uku muka koma wani gidan bene a unguwar Safa, mai na'urar sanyi, ga makaranta kusa. Mun yi juyin duniya Inna ta biyo mu, ta ƙi. Ta ce mai gadin gidan zai tambaya, maƙwabta za su tambaya, ba za ta ja wa ɗan mutane a kore shi daga aiki ba. Sai muka koma kai mata ziyara duk mako. Kafin in gama tuɓe takalmi za ta fara.

"To, ke 'yar nan, wa ya ci tseren?"

Ta raɗa wa jiragen sunaye nata na kanta, daga kwatancen da muke yi mata. Akwai Balbela, wani siririn farin jirgi na wani tsohon Bature da ya ƙi sa inji, shi ne nata. Akwai Mai Tumbi, na kafilin mijina. Akwai Kishiyar Iska, wanda kullum shi ne na ƙarshe. In Balbela ya sha kaye sai ta ɓata rai, ta ce ai iska ce ta yi son kai. Ta san lokacin da guguwa ta karya rabin tsohuwar gada, ta san shekarar da aka hana kamun kifi da raga a kusa da murjani, ta san mai dafa abincin da ya tafi da wanda ya maye shi. In an yi gasar kamun kifi aka raba wa ma'aikata abin da aka kamo, kason farko nata ne. Ta soya, ta rarraba wa matan lungu, tana gaya musu nauyin wanda ya zo na ɗaya kamar ita ta jawo shi.

Duk shekara bayan ƙaramar Salla nadin na ware rana guda ta iyalan ma'aikata. A yanka raguna, a dafa shinkafa da kifi, masu jirage su ba da aron jiragensu a fita da mata da yara cikin teku. Ranar da na fara zuwa na riƙe ƙarfen jirgi da hannu biyu ina ta salati. Da muka fita daga bakin mashigin ruwan, launinsa ya juya ya zama shuɗi kamar an zuba baba, na leƙa ƙasa na ga kifaye ja da rawaya suna kai da kawo a tsakanin duwatsu, sai na ji tsoron ya sake ni. Ban taɓa sanin akwai fili irin wannan a Jidda ba, inda ba bango, ba lungu, ba mai tambayar ka komai. Na so wurin nan so mai tsanani. Ina ƙirga watanni saboda ranar.

In na je ba Inna labari sai in riƙa ragewa. In ce rana ta yi zafi, abincin ma gishiri ya yi yawa. Wata rana ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Idonki ya nuna kin ji daɗi, bakinki na cewa zafi. Kada ki riƙa rage mini labari. Abin da ban gani ba ai da kunne zan gan shi."

Wata shekara, babban ɗanmu na aji uku a firamare, maigidana ya ce bana da Hajiya za mu. Hawa jirgi dai ba zai yiwu ba, domin masu tsaron gaɓa na duba takardar duk wanda zai fita teku. Amma shiga harabar nadin, ta zauna a inuwa, ta ga gadoji da jirage, ta ci abinci, wannan mai sauƙi ne. Mai gadin ƙofar wani dattijo ne ɗan Yaman da suka daɗe tare, kuma ya ce masa ya kawo ta, shi bai ga kowa ba.

Inna ta yi kamar ba ta damu ba, amma da muka je ɗaukar ta da safe mun tarar ta yi lalle, ta ciro shuɗin zanen da ta zo da shi daga gida, wanda sai Salla take ɗaurawa. Ta soya gyaɗa ta musamman ta ƙulla gida biyu, ɗaya ta mai gadi, ɗaya ta tsohon Bature mai Balbela. A mota ta zauna a baya tsakanin jikokinta, tana kallon hanya, tana tambayar wannan ginin na mene ne, wancan fa. Rabonta da yin nisa haka da Balad tun ina budurwa.

Muna isa ƙofa na ga hannun maigidana ya ƙanƙame sitiyari. Dattijon ba ya nan. A cikin hutun Salla an ba wani kamfani aikin gadi, aka mayar da dattijon ban ruwan fulawa. Wani saurayi cikin kaki ya leƙo ta taga, ya yi sallama da ladabi, ya ce kowa ya ba da iƙama. Maigidana ya miƙa tamu. Saurayin ya duba, ya ƙirga mu da ido, ya tsaya a kan Inna.

"Hajiya fa?"

"Surukata ce. Ta baro tata a gida."

Saurayin ya sake duban Inna. Ya gane, kuma mun gane ya gane. Ya mayar mana da takardunmu, ya kau da kai gefe, ya ce da Larabci cikin ƙaramar murya, "Ka yi haƙuri, ya ammi, umarni aka ba ni. Su huɗu da kai ku shiga. Ita ban gan ta ba, amma ba zan iya buɗe mata ba."

Motocin baya suka fara matsa oda. Maigidana ya ja da baya ya tsaya a gefen katanga, ya kashe mota. Ya ce gida za mu koma gaba ɗaya. Yara suka fashe da kuka, ƙaramar na jan abayata tana cewa, "Yalla ya ummi, yalla."

"Babu inda za ku koma," in ji Inna. "Kai ba kai za ka tuƙa Mai Tumbi ba yau? Iyalan mutane na can suna jiran ka. Ka hana su ranarsu saboda tsohuwa guda?"

Ta nuna can ƙarshen katanga, inda wani ɗan tsirin rairayi ya rage ba a killace ba. Talakawa sun shimfiɗa tabarmi a wurin, yara na wasa a bakin ruwa. Ta ce a ajiye ta a nan.

"To ni zan zauna da ke, Inna," na ce.

"Ki zauna ki yi mini me? Wa zai riƙe yaran nan a kan ruwa? Wa zai shiga ya gano mini cikin?"

Na sake cewa zan zauna, ta daka mini tsawa irin ta lokacin ƙuruciya. Daga nan ban ƙara musu ba. Na san halinta, na san da na dage da ta yi faɗa ta gaji ta bar ni. Amma ina jin ƙanshin naman da ake gasawa daga bayan katanga, ina jin ƙarar injina ana tayarwa, kuma shekara guda na yi ina jiran ranar. Tsawar tata ta zo mini da sauƙi, na karɓa.

Muka shimfiɗa mata tabarma a inuwar katanga, muka ajiye mata gorar ruwa da lema. Ta miƙo mini ƙullin gyaɗar nan biyu ta ce in isar da saƙo. Da na waiwaya daga cikin mota na gan ta ta miƙe ƙafafu, ta gyara ɗankwali, ta fuskanci ruwa.

Duk jirgin da zai fita teku dole ya bi ta gaban tsirin nan. Da muka zo daidai wurin na hango shuɗin zanenta, ɗan ƙarami a cikin mutane. Yara suka hau tsalle suna kiran "Sitti! Sitti!" kamar yadda 'ya'yan Jidda ke kiran kaka. Maigidana ya danna odar jirgi ya riƙe, har sauran mata suka toshe kunne. Na ga ta miƙe tsaye da ƙyar, ta ɗaga lemar sama. Na juya baya don kada a ga hawayena.

Na ɗauka haka zan wuni. Ba haka aka yi ba. Muna fita fili sai ga garken manyan kifayen nan masu tsalle da ake kira abu salama, suna bin jirgin ta gefe da gefe. Mata suka yi ta ihu, ni ma na yi. Aka tsaya a kan murjani, yara suka faɗa ruwa da rigunan iyo, aka zuba shayi, wata 'yar Habasha matar makanike ta ba mu dariya har cikina ya ƙulle. Na ci, na sha, na tsoma ƙafafuna a ruwa. Sai da wani ya ce La'asar ta yi, muka tashi alwala, sannan Inna ta faɗo mini a rai. Na duba rana, na tuna inuwar katanga ta safe ce, tun azahar ta ƙaura. Duk tsawon wunin nan ban tuna da ita ba ko sau ɗaya. Na yi sallar nan ban san abin da na karanta ba.

Rana ta yi ja kafin mu iso wurinta. Ta bar jikin katanga ta koma kusa da wasu iyali 'yan Pakistan da suka kafa zane a jikin motarsu, sun ba ta gefe. Gorar ruwanta ta ƙare tuntuni, su suka ba ta nasu. Ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya bushe, gishiri ya yi fari a bakin zanenta. Amma tana ganin mu ta fara magana tun kafin mu gaisa.

"Na gan su duka. Babu wanda ya gaya mini, da kaina na gane su. Balbela ya tsufa, ƙyallensa har da faci, ba ku taɓa faɗa mini ba. Kishiyar Iska kuwa ko yau shi ne a baya." Ta dubi maigidana. "Kai kuma wannan oda haka, sai ka ce ango. Na gaya wa matar nan surukina ne, ba ta jin Hausa, amma ta gane."

Ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Hajiya, ki yafe mini."

"Kai ka gina katangar? Tashi."

Na buɗe mata kwanon abincin da na ɗebo. Ta ɗan taɓa, ta ce ya huce. Ta ce ta yi alwala da ruwan teku, ta kurkure baki ba ta sani ba, har yanzu harshenta na raɗaɗi. Sannan ta tambayi gyaɗarta. Na ce na ba dattijon a cikin fulawa, ya yi godiya har da ƙwalla, Baturen kuwa na aika masa ta hannun mai yi masa wanki.

"To cikin fa? Tsohuwar gadar itacen tana nan? Daga nan ba a hango ta."

Na ce tana nan, rabi. Ta ce in faɗa mata komai tun daga ƙofa, kada in tsallake. Na fara a mota, ina zayyana mata hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu, da allon da aka jera kofuna, da hotunan mutanen farko a bango. Ban kai ga gidan abinci ba na ji kanta ya sauka a kafaɗata. Fatar goshinta zafi kamar an ɗora a wuta. Ta kwana biyu ba ta dama kunu ba.

Bayan haka maigidana ya ce akwai masu ƙananan jiragen haya da ke zagayawa da mutane a cikin mashigi ba tare da an duba takarda ba, zai kai ta ta hau. Ta ce a'a.

"Ni ba ruwa nake marmari ba. Wurin aikinka na so in gani, kuma na ga bayansa. Halas, shi ke nan."

Ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma daina tambayar wa ya ci tsere ba. Ni ce bakina ya yi nauyi. In na fara ba ta labari sai in ga shuɗin zanen nan a gabana.

Da hukuma ta yi afuwa ga masu zaman ba takarda, ta ce duk mai son tafiya ya tafi ba hukunci, Inna ta ce za ta koma gida. Gwiwoyinta sun gaji, 'yan uwanta na ta aiko mata. Na ce kabarin Baba fa? Ta ce shi ya samu wurin kwanciya, ba mai tashin sa. "Ni kuwa na gaji da tafiya ina waiwaye." Aka ɗauki hoton yatsunta, wanda ke nufin ba dawowa. Muka raka ta iyakar inda aka yarda a raka.

Daga nan sai kaset. In alhazan garinmu za su koma, in zauna a ɗaki in kunna rakoda in yi ta magana. In gaya mata tsohon Baturen ya sayar da Balbela ya koma ƙasarsu, wani likita ya saya ya sa masa inji. In gaya mata an kawo babura masu gudu a kan ruwa, samari na ta damun mutane da ƙara, masu jiragen ƙyalle sun ragu har tseren ya koma wata-wata. Ita ma ta aiko da nata, muryarta na rawa, kaji na kuka a bayanta, tana cewa likitan nan bai kyauta ba. Sau ɗaya na samu na je na gan ta kafin ta rasu.

Shekarar rasuwarta ban je ranar iyalai ba. Shekarar da ta biyo baya na je, don yara sun matsa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Haka na ci gaba da zuwa har maigidana ya ajiye aiki.

Bayan ya ajiye, wata rana da hantsi muna zaune a barandar gidanmu a Safa, yana gyaran wata tsohuwar ƙugiyar kamun kifi da ba zai ƙara amfani da ita ba, na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce ranar nan ta Inna, a ganinsa da na zauna da ita?

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da kin zauna da ta yi fushi."

"Na sani."

"To?"

"To da ta yi fushin ina kusa da ita."

Ya daɗe yana juya ƙugiyar a hannunsa. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Can ya ce shayinsa ya huce, na tashi na ɗora wani.